Ajiye hauya da sauran ƙarfi: Abubuwan da ya kamata ka sani game da tanadin hutu tun kafin tsufa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Tsibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye zuwa Gazawa, a kwanakin da aka gama kai damma rumbu, ya saba ganin samari tsaitsaye a bakin kwalta, kowa da ƴar jakarsa da tabarma a naɗe, suna jiran motar ci-rani. Wasu Katsina za su, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. A cikinsu ba ka rasa dattijo mai furfura, wanda ya fara wannan tafiya tun ba a haifi yaran da ke gefensa ba. Shekara talatin yana ga-ruwa ko dako a garin mutane, ruwa na sauka ya komo ya kama hauya, kuma har yau bai hango ranar da zai ce ya isa haka ba.

Shin mutumin karkara zai iya shirya wa kansa ranar ajiye aikin ƙarfi tun gwiwarsa na da ƙwari? Zai iya, in Allah ya yarda, amma sai ya san lissafin, ya kuma san irin dukiyar da ke ɗaukar mutum a ƙasar nan.

## Daga ina zancen ya taso?

A 1992 wasu Amurkawa biyu, Vicki Robin da Joe Dominguez, suka fitar da littafin da ya yaɗa wani tunani mai sauƙi: duk kuɗin da ka kashe, wani yanki ne na kwanakinka da ka sayar kafin ka same shi. Shi Dominguez ya bar aikin albashi yana da shekara 31, ya rayu da abin da ajiyarsa ke kawowa. A 1994 kuma wani mai ba da shawara kan kuɗi, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jarin Amurka tun daga 1926, ya gano cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekarar farko, yana ƙarawa daidai da tsadar kaya, dukiyar ta kai shi aƙalla shekara 30.

Daga nan aka sami ƙa'idar da masu tsarin ajiye aiki da wuri, wanda suke kira FIRE, ke bi: ka lissafa abin da gidanka ke ci a shekara, ka ninka shi sau 25. Ranar da jarinka ya kai haka, aiki ya zama na ganin dama. Idan jari na ƙaruwa da kashi 5 a shekara bayan an cire tsadar kaya, mai ajiye kashi 10 na abin da yake samu zai yi kimanin shekara 51 kafin ya kai, mai ajiye kashi 25 zai yi 32, mai ajiye rabi kuwa 17. Abin da ke yanke tsawon tafiyar shi ne ratar da ke tsakanin samu da kashewa.

## Wannan lissafin zai yi aiki a nan?

A ɗauka gida a Agye yana kashe jikka 60 a wata. A shekara sefa 720,000 ke nan, ninki 25 kuma miliyan 18. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jikka 42 ne. Mai wannan albashi, ko da bai taɓa ko dala ba, sai ya yi kusan shekara 36 kafin ya tara miliyan 18.

Ban da haka, an gina ƙa'idar Bengen ne a kan kasuwar Amurka, inda iyalai ƙanana ne. A nan, binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa 7.6 a matsakaici, na 2021 ya nuna 6.2. Magidanci mai shekara 45 yakan kasance da jariri a goye, ga tsofaffi, ga ƴaƴan ƴan'uwa.

Saboda haka lambar miliyan 18 ba tamu ba ce. Abin ɗauka a cikin tsarin shi ne hanyar tunanin: ka san abin da gidanka ke ci, ka bar rata, ka zuba ratar a cikin abin da ke haihuwa. Manomi zai iya yin lissafin da tiya. Gidan da ke cin tiya uku a rana na bukatar tiya 1,095 a shekara, wajen buhu 27 ke nan. Ranar da gona da bisashe da itatuwa za su kawo wannan, tare da kuɗin cefane da na magani, ba tare da maigida ya sunkuya da kansa ko ya tafi ci-rani ba, ranar ya yi ritaya, ko da bai taɓa shiga banki ba.

## Da can yaya tsofaffi ke hutawa?

Ma'aikacin gwamnati na da fanshonsa a asusun CARENI, na kamfani kuma a CNSS, idan ya kai shekara 60 ko sama da haka kaɗan. Amma waɗannan ƴan tsiraru ne a gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa. Fanshon sauran jama'a tun kaka da kakanni shi ne gandu. Uba ya noma da ƴaƴansa, kowane ɗa da kowace mata na da gamanarsu, ƙarfi na ja baya ya miƙa wa babban ɗa ragamar aiki, shi kuma ya riƙe rabon hatsi da shawara. Uwa ma ƴaƴanta na tasawa sai a ɗauke mata noman gandu.

Wannan tsari ya dogara da yalwar ƙasa, ita kuwa ta ƙare. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 3.4 a jihar Maraɗi: fiye da 500,000 a gundumar Gidan Rumji, kusan 246,000 a ta Agye, kimanin 160,000 a ta Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne a kanta. Babu saura, babu dajin sharewa. Idan gona ta yi kaɗan, gamanar mata ake fara karɓewa. Ɗan da ake sa ran zai riƙe uba, shi ma da ƙyar yake riƙe kansa. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka: wanda ya san gandu ba zai ɗauke shi kamar yadda ya ɗauki ubansa ba, tun yana ɗan shekara 25 ya kamata ya fara shiri.

## Ina kuɗin ke zurarewa?

Babbar ɓarakar tana lokacin kaka. Hatsi da wake da gujiya da riɗi duk sun fito kasuwa rana ɗaya, farashi ya faɗi warwas, kuma a daidai lokacin ne mai bashi ke sallama, ga haraji, ga auren da aka ɗage tun bara. Manomi ya sayar da araha. Bazara na shigowa rumbu ya yi ƙasa, ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada, wani lokaci da bashin da za a biya da amfanin da ba a ma shuka ba. Haka shekara ke bin shekara, yana noma, wani na cin ribar ajiya.

Ta biyu ita ce gasar buki. Kayan ɗaki da aka ci bashi aka jera don idon mutane, anko kala biyu, ragon suna da ya fi ƙarfin gida. Ta uku ƙananan abubuwa ne na kullum. Sefa 300 a rana a shayi da taba da katin waya ya zama 109,500 a shekara, kuɗin da zai sayi awaki masu haihuwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Maganin ta farko ya daɗe a ƙasar. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar FAO ta taimaka wajen yaɗa tsarin warantaj, wato jinginar amfanin gona. Ƙungiyar manoma ta tara buhunanta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Kowa ya karɓi wani kaso na darajar kayansa ya yi sana'ar rani, ya biya, a buɗe sito lokacin da farashi ya hau. Bankunan cimaka na ƙauyuka ma kusan wannan aikin suke yi. Wanda ya samu ya kai hatsinsa bazara sau uku a jere, ya fita daga layin masu cin bashin kaka.

## Akwatin da mata suka koya wa duniya

Ba sai an je Amurka neman darasin tsimi ba. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da wata ma'aikaciyarta ƴar Norway, Moira Eknes, da matan ƙauyuka suka gyara adashen gargajiya, suka fito da Mata Masu Dubara. Yau ana bin tsarin a gomman ƙasashe.

Ka halarci zama ɗaya ka gani. Mata ashirin zuwa talatin sun yi da'ira a kan tabarmi da hantsi, bayan an gama daka. A tsakiya ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku, mai ajiye akwatin kuma ta huɗu ce, ba ta da mabuɗi. Ana kiran suna, kowace ta taso ta sa zubinta a faranti, masu ƙirga su ɗaga kuɗin su faɗi adadin da ƙarfi. Wadda ta makara ta jefa tara a wani kwano. Akwai kwanon taimakon rashin lafiya da gobara. Mai son rance ta faɗi abin da za ta yi da shi: gujiyar matsar mai da ƙuli-ƙuli, ko ɗan rago na turka. A ƙarshen zango a buɗe akwati a raba, kowace daidai zubinta.

Sirrin akwatin nan shi ne ya raba mutum da kuɗinsa a ranar da zuciya ke son kashewa, kuma ya yi komai a gaban idon jama'a. Bambancinsa da adashe shi ne kuɗin na juyawa kafin rabo. Wadda ta ɗauki rabonta ta sayi akuya, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, ita ce mai shirin ritaya ta gaskiya a ƙauyenmu. Maza da samari masu kabu-kabu da ƴan ci-rani ba su da hujjar rashin yin irinsa.

## Wace dukiya ce ke haihuwa?

Akuya da tunkiya. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda fatarta da yawan haihuwarta. Cikinta wata biyar ne, tana yawan zuba tagwaye, kuma idan ta sami kiwo takan haihu sau uku a shekara biyu. Ga nono, ga taki, ga saurin sayarwa ranar bukata. Turkar rago don layya kuma na juya kuɗi cikin ƴan watanni. Sharaɗin shi ne a tanadi harawa da dusa tun kaka, kuma kada a tsallake rigakafin da ma'aikatar kiwo ke yi kowace shekara.

Icce. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share su, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a gyara, a bar su su tashi. Wannan sassaben zamani ya bazu har masu bincike suka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye na cikin waɗanda suka fi shahara da shi, inda jama'a suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya. Gawo na zubar da ganye da damina ya yi wa hatsi taki ba tare da ya yi masa inuwa ba, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Kuka da zogale da aduwa da kabar Gulbin Kaba duk suna shiga kasuwa. Wannan jari ne da ba ya bukatar ko dala, haƙuri kawai yake so, kuma lokacin da mai shi ke raunana ne shi yake ƙarfi.

Gona da fili. Ƙasa ba ta ƙaruwa, mutane na ƙaruwa, don haka darajarta ba ta cika faɗuwa ba. Amma duk sayen gona ko jingina ko kyauta, a rubuta shi. Tun bayan dokar karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye, COFO, daga matakin ƙauye har na gunduma, masu ba da takardar shaida. Gonar da babu takarda takan zama shari'a ga magada. Mai noman aya a yankin Agye da Cadawa kuma ya tuna cewa tana da kuɗi, tana jure ajiya, amma tana cin ƙasa. A riƙa juyawa da wake, a mayar da taki.

Kayan aiki. Amalanke da shanun huɗa, injin niƙa, injin ban-ruwa a fadamar Gulbin Maraɗi, shago ko ɗakin haya a bakin kwalta: duk suna kawo kuɗi ko mai su na zaune, muddin akwai amintaccen mai riƙo da littafin lissafi.

Yaro mai sana'a. Ɗan da ya iya walda ko ɗinki ko gyaran sola, da ɗiyar da aka bari ta gama karatun jinya ko koyarwa, ba sa jiran rabon gona. Su ne gandun zamani.

## Banki da hannun jari fa?

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa, ƙofar a buɗe take. Ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma na da kasuwar hannun jari guda, BRVM, a Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, kuma ana sayen hannun jari ta hanyar dillalai masu izini a Yamai. Ana samun rabon riba, amma daraja na hawa tana sauka. Asusun ajiya na banki na biyan kashi 3.5 a shekara, abin da tsadar kaya kan cinye, sannan ga Musulmi ruwan kuɗi riba ne. Shi ya sa da yawa ke amfani da banki ko asusun waya don tsaron kuɗi kawai, su nemi haɓaka ta ciniki, ko haɗa jari bisa raba riba da asara, ko bankin Musulunci. Ƙarin da ake ɗorawa kan rance a cikin ƙungiya ma abu ne da ya kamata a zauna da malami a warware tun farko.

Zakka ta shiga lissafi tun ranar farko: kashi 2.5 na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, akuya ko tunkiya ɗaya a cikin 40, ɗaya bisa goma na hatsin damina idan ya kai nisabi.

## Me zai iya rushe shirin?

Fari ne na farko. A 1984 da 2005 mutane sun sayar da bisashe a wulaƙance don sayen hatsi mai tsada, wasu suka jinginar da gonakin da ba su sake komawa hannunsu ba. Kafin kowane jari, a ajiye hatsin da ba a taɓawa.

Na biyu kuɗi da iyaka. A Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta a dare ɗaya. Naira kuma daga kusan 460 a kan dalar Amurka a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, guzurin ƴan ci-rani da yawa ya narke a aljihu. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris 2024. Wanda duk kasuwarsa ke hayin iyaka ya ji jiki.

Na uku tsaro. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ke karɓar ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma satar shanu da garkuwa da mutane sun taɓa ƙauyukan bakin iyaka. Babban garke a wuri guda dukiya ce da ake hangowa daga nesa. A rarraba, kuma a rage nuna hali.

Na huɗu ciwo, wanda kan cinye tanadin shekara goma cikin wata guda, don haka kuɗin magani na bukatar nasa wurin dabam. Na biyar damfara. Tsarin MMM ya yi wa mutane alƙawarin kashi 30 a wata a Najeriya, ya daskare a Disamban 2016 da kuɗin jama'a, kuma ire-irensa na ta dawowa ta waya da sabbin sunaye. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya ce kuɗinka zai ninka ba tare da ya nuna maka abin da ake saye da sayarwa ba, ka riƙe abinka.

## Tsimi da rowa ba ɗaya ba ne

Wani masani ɗan Faransa, Emmanuel Grégoire, wanda ya yi rubutu kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa ƙarfinsu bai tsaya ga kuɗi ba, har da arzikin mutane. A ƙasar da yawancin mutane ba su da inshora, ɗan'uwa da maƙwabci su ne ke zuwa ranar gobara da ranar jana'iza. Wanda ya yanke zumunci don ya tara, ya sayar da garkuwarsa ne.

Abin da ake nema shi ne a rarrabe haƙƙi da gasa. Ciyar da iyaye, karatun yara, taimakon mara lafiya, duk haƙƙi ne, a ware musu kaso sananne. Kece raini a wajen buki gasa ce. Kuma shirin da maigida ya yi shi kaɗai, bai zauna da matansa ba, ba ya zuwa ko'ina, domin sau da yawa su ne suka fi shi sanin inda tiya ke tafiya.

## Ta ina za a fara?

A fara da kakar bana. Kafin a kai ko dami ɗaya kasuwa, a zauna a ƙirga abin da gida zai ci har sabon hatsi, a rufe shi. A biya bashin da ke cin amfanin gona, kada a ɗauki sabo don buki. A shiga asusu ko a kafa, ko da zubin sefa 250 ne a mako. Rabon farko ya tafi ga akuya, na biyu ga ta biyu, in sun yi yawa a juya wasu zuwa amalanke ko ƴar gona mai takarda. Ranar sassabe a bar gawo da kalgo su tashi. Ɗan ci-rani kuma ya riƙa aiko da kason jari dabam da na cefane, ya faɗi abin da za a saya da shi.

Wanda ya fara haka yana da shekara 25, ya jure, zai iya kaiwa 50 yana da abin da zai sa ya daina hawa motar ci-rani. Ba zai zauna hannu rabbana ba: zai duba bisashensa, ya zaga gona, ya sami lokacin karatun da neman abinci ya hana shi, ya sasanta ƴan'uwa, ya ga tasowar jikokinsa da idonsa maimakon ya ji labari ta waya. Arziki na Allah ne, amma akuyar farko da gawon farko, hannun mutum ne ke barin su su rayu.